Dalilin da Ya Sa Ban Ajiye Kyamara Ba

Lahti, 29 ga Agusta

Pihla, hasken idona, sanyin zuciyata, ke da dariyarki ke ƙetare tafki ta riga kwale-kwale isa gaɓa,

Wannan ce wasiƙa ta huɗu. Ukun farko na yaga su, domin kowacce da 'yar ƙarya a ciki, ke kuwa ba ki cancanci ko 'yar ƙaramar ba.

Jiya na karɓo hotunanmu daga wajen wanki. Tafiyar kwana goma sha ɗaya, tafkuna tara, fim ɗin kyamara bakwai. Na baza su a ƙasa har na rasa wurin taka ƙafa. Ga ki a Puumala, kin yi rub da ciki a kan dutse, sauro na cin wuyanki, kina jiran agwagwar ruwa ta ɗago kai, minti arba'in da biyu ba ki motsa ba. Ga ki da leɓen da 'ya'yan itacen daji suka rina shuɗi, kina rantsuwa ba ki taɓa kwandon ba. Wace safiya ce ta kai fuskarki haske? Wane daji ne ya kai gashinki ƙamshi idan hayaƙin sauna, ɗakin wankan tururin nan naku, ya ratsa shi? Shekara biyar na yi ina karatun awon ƙasa, na san faɗin tafkin Saimaa da zurfinsa, amma abin da ke ƙirjina na rasa da me zan auna shi.

Sai dai akwai hotuna ashirin da shida da ke ba ni kunya. Duk daga kan gadar katakon gidan hutunku, wadda ta miƙa cikin tafki, na ɗauke su: ke da babanki kun fito daga sauna da gudu kuna faɗawa ruwa. Kin tuna tsiyar da yake min? "Malam mai awo, ajiye akwatin nan ka shigo, ruwan ba ya cizo." Ni kuma in ce hasken ya yi kyau, kada ya wuce ni. Na duba, Pihla. A goma sha tara daga cikinsu hasken bai yi kyau ba. Ban iya iyo ba. Shekarata ashirin da huɗu, kafin watan nan ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Ina yaro ciwon kunne ya hana ni koyo, da ya warke sai kunya ta karɓe shi.

Shi ya sa a tashar jirgi, da kika ce, "Asabar ta biyu a Oktoba za mu ciro gadar kafin ƙanƙara ta kama ta, za ka zo?" na ce bari in duba kalanda. Na san abin da kika miƙo min. Baƙo ba ya wannan aikin. 'Yan gida ne ke shiga ruwa har ƙirji, kowa da kusurwarsa, tun zamanin kakanki. Kika ce, "To, duba da kyau," kika juya. Yau kwana goma sha shida saƙonki bai wuce kalma uku ba. Ya rayuwata, kalandar ba komai a cikinta. Tsoro ne kawai, kada santsi ya ɗebe ni a gaban iyayenki, ki dube ni ki ga ba wanda kika zaɓa ba ne.

Yanzu Talata da Alhamis ina ajin koyon iyo. Mu shida ne, biyar sun haura sittin. Wata dattijuwa, Sointu, takan ce, "Ɗana, me ruwan nan ya yi maka kake dukansa haka?" Ranar Alhamis na yi mita goma sha ɗaya ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Malamar ta ce sha biyu, amma na ƙarshen da hannu na jawo bango. Na fito hanci na zubar ruwa, ina ta dariya, tsofaffin na tafa min, ba wanda nake nema da ido sai ke.

Zan zo, idan har kina so. Ki bar ni in faɗa wa babanki da bakina, ya yi dariyarsa ya more. Bana ku ba ni kusurwar da ta fi kusa da gaɓa. Baɗi ta tsakiya. Ta can ciki kuwa, wadda ke kike riƙewa, ki ba ni shekara uku, domin ina nufin in kasance kusa da ke a kowace Oktoba da ta rage min.

Naki, a tudu da cikin ruwa, iya tsawon numfashina,

Vilppu