Dabinon da Baba Bai Fasa Ba

Asabar, 4 ga Yuni

Ni ne Babban Likitan Abinci, mai farar riga da kujera mai juyawa, wanda manyan mutane ke jira a benci kafin a ce su shigo. Yau na buɗe wannan littafi saboda majiyyaci guda ɗaya. Ofishina yana bene na biyu, tsakanin firji da kwandon shara, kujerar kuwa bokitin fenti ne da aka kife. Kada wanda ya yi dariya. To, wa ma zai karanta.

Majiyyacin mai gyaran agogo ne. 'Ya'yansa biyu suna ce masa Baba, ni ma haka zan riƙa rubutawa don sauƙi. Kwana goma sha tara ke nan da aka sallamo shi daga asibiti, ciwon zuciya. An ba shi takarda: ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu, ba soye-soye, gishiri sai ɗan kaɗan. Shi kuma ya ƙara wa takardar layi guda da kansa: ba komai. Cokali biyu yake kaiwa baki ya ture kwano. Agogon hannunsa yanzu zamewa yake har kusa da gwiwar hannu.

Lahadi, 5 ga Yuni

Likita ba ya ɓoye tarihin ciwo, don haka bari in rubuta.

A gidan akwai wani auta, ɗan shekara goma sha tara, ya yi allo ya sauke, amma tsokana ce sana'arsa. Shi ya taɓa ɗinke hannun rigar yayarsa. Shi ya taɓa mayar da duk agogunan shagon Baba baya da awa guda, Baba ya yi ta mamakin yadda rana ta yi sauri. A da Baba dariya yake yi har ya cire tabarau ya share ido.

Ranar da abin ya faru, autan ya cire ƙwallon dabino, ya ɗura garin barkono a ciki, ya manne bakin, ya ajiye a faranti don Yaya in ta dawo daga aiki. Baba ya riga ta. Tari, tari, sai ya dafe ƙirji ya sulale daga kujera.

Likitan asibiti ya ce ba barkonon ba ne, zuciyar ta daɗe tana shirin haka. Sau biyu ya faɗa. Amma tun ranar Baba bai sake kallon autan cikin ido ba. Ba faɗa, ba zagi. Da ma zagin ne. In ya kai masa ruwa, kalma ɗaya ce: "Ajiye."

Talata, 7 ga Yuni

Yaya tana fita kantin magani ƙarfe bakwai, ba ta dawowa sai rana ta kusa faɗuwa. Kan tukunyar gas a jakarta take tafiya da shi, tun shekarar da autan ya ce zai busar mata da takalmi ya ƙone shi. Wato ofishina babu wuta. Ina da firji, ƙaramin turmi, wuƙa ɗaya, da taga.

Gidan shiru kamar an kwashe mutane. Agoguna shida a bangon falo, kowanne na magana da ɗan'uwansa, ni ba mai kula ni.

Na tuna a shago Baba yana da wata durowa, dabino gefe, gyaɗa gefe. Yana gyara yana jefa ɗaya-ɗaya a baki, tun Inna tana da rai. Yau na yini ina juya abin a kaina. Dabino kuma? Da shi aka yi laifin. Amma na rasa wani abu da zai kama jikinsa ba tare da wuta ba.

Laraba, 8 ga Yuni

Gwaji na farko na dabino da gyaɗa: gam ya zama. Da na shafa a takalmi da ya kama.

Alhamis, 9 ga Yuni

Na gane kuskurena, na jiƙa dabinon ya wuce kima. Yau na cire ƙwallaye, na zuba ruwa kaɗan, na ajiye kwanon a taga rana ta ɗumama shi, tsawon karatun shafi uku kawai, na tsane. Gyaɗa soyayyiya marar gishiri na samo a kantin ƙasa, na murje ɓawon a tafin hannu, na hure a bakin taga. Dabino ake fara dakawa shi kaɗai har ya zama ƙulli, sannan gyaɗa kaɗan-kaɗan. In ka zuba gaba ɗaya, mai take fitarwa, abin ya zama taɓo.

Matsalar ita ce ƙarar turmi, ɗakin Baba bango ɗaya ne da kicin. Na ɗora turmin a kan matashi. Akwai kafinta a ƙasan benenmu, in ya ɗaga guduma na ɗaga taɓarya, in ya tsaya na tsaya. Bai san yana da abokin aiki ba. Da ya tafi cin abinci sai da na zauna rungume da taɓarya kusan awa guda.

Na jiƙa hannu, na mulmula, na mirgina a riɗi, na danna babban yatsa a tsakiyar kowanne na dasa ƙwayar gyaɗa guda, don ya yi kama da na kanti. Dabinon yana shiga tsohon tabon yatsan nan nawa, wanda na yanka da wuƙar buɗe bayan agogo ina ɗan shekara bakwai. Sai da tsinke na fitar.

Guda goma sha huɗu. Suna firji, a bayan robar ruwa.

Juma'a, 10 ga Yuni

Na jera bakwai a wani farin kwalin magani da Yaya ta yar. Na yi sallama a ƙofar Baba, na ce an aiko daga asibiti, daga wajen likitan abinci, wai a riƙa cin biyu da hantsi biyu da la'asar. Muryata har rawa take, ni da na taɓa shawo kan maƙwabcinmu cewa an canza wa titinmu suna.

"Ajiye."

Na ajiye, na fito, na laɓe a bayan labule. Ya daɗe yana kallon kwalin. Sai ya jawo akwatin aikinsa, ya maƙala madubin ido ɗaya, ya ɗauki 'yar wuƙarsa, ya fasa ɗaya gida biyu. Ya duba ciki kamar yana neman ƙura a cikin agogo. Ya shinshina.

Ya ci rabi. Ya ci ɗaya rabin.

Ban ji daɗi yadda na zata ba. Fasawar ce ta tsaya mini a rai. Baba ne fa, mutumin da in ka miƙa masa abu ko kallo ba ya yi.

Litinin, 13 ga Yuni

Huɗu jiya, huɗu yau. Kowanne sai an fasa.

Na so in zuba zuma a na gaba, na tambayi Yaya a fakaice ko tana cikin abin da aka hana. Ta ce tunda Baba ya ce duk abin da ya fito daga jikin mai rai ya bar shi, ƙudan zuma ma ai ba itace ba ne. Sai ta kalle ni, ta ce yaushe na fara damuwa da takardar likita. Na ce ina so in san abin da zan sata ba tare da an yi ƙorafi ba. Ba ta yi dariya ba. Ba wanda ke dariya a gidan nan yanzu.

Laraba, 15 ga Yuni

Babban Likita ya ƙirƙiro sabo: kwakwa kankararriya, dabino, da ayaba da ta nuna sosai. Na danne a murfin roba, na sa a firji, na yanka murabba'i. Ya yi ruwa. Na cinye shi ni kaɗai a tsaye, don kada a ga shaida. Ayaba ba ta da amana, na sallame ta daga aiki.

Na koma dabino da gyaɗa, na ƙara kwakwar kawai bayan na shanya ta a taga. Wannan ya zauna.

Da la'asar na ji Baba yana waya da wani tsohon abokin cinikinsa, ya ce a kawo agogon ya gani. Karo na farko ke nan tun asibiti. Na so in faɗa wa wani. Na leƙa ƙasa, kafinta ne kawai, shi kuma bai san ni ba sai a matsayin wanda ya taɓa ɗaure masa igiyar takalmi da ƙafar benci.

Alhamis, 16 ga Yuni

Na sa hannu a aljihun tsohon wando, na ci karo da ƙullin barkonon nan, ragowar na ranar. Na daɗe riƙe da shi. Kaina har ya fara lissafin yadda fuskar Yaya za ta yi.

Na kai shi kwandon shara na titi, ba na gida ba.

Asabar, 18 ga Yuni

An kama Babban Likita.

Yaya ta dawo da wuri, ta same ni da taɓarya a sama ina jiran gudumar kafinta. Ta kalli turmi, ta kalli farin kwali, ta kalle ni. Ta rufe ƙofar kicin a hankali. Ta ce ita ma ta yi mamakin wane asibiti ne ke aiko kaya a kwalin maganin tari. Ta zaɓi guda da kanta, daga ƙasa, ta ce in ci a gabanta. Na ci. Ta zaɓi wani. Na ci. Sannan ta gutsiri na uku, ta tauna.

Ta ce, "Auta, in wasa ne wannan, wallahi ba ni ba kai."

Na ce ba wasa ba ne. Ban san yadda ake faɗin hakan a yarda ba, ban taɓa buƙata ba.

Ta ce ba za ta faɗa wa Baba ba, tunda yana ci. Amma marar lafiya ne, ba a dama masa abinci da hannu tsirara. Ta ciro safar hannu ta roba daga jaka, irin ta kantinsu, ta ce daga yau da ita.

Litinin, 20 ga Yuni

Na yi da safar hannu. Sun fito sumul, gwanin kyau, kamar inji ya yi. Na kai da hantsi.

Da la'asar kwalin yana nan yadda na ajiye. Ko ɗaya bai taɓa ba. Abincin rana ma cokali biyu.

Talata, 21 ga Yuni

Yau ma. Na ɗanɗana, na sake ɗanɗanawa, babu abin da ya canza. Dabino ɗaya, gyaɗa ɗaya. Ko ya gaji? Ko Yaya ta faɗa masa? Ta rantse ba ta faɗa ba.

In ya gano ni ne, shi ke nan. Ba ni da wani likitan a aljihu.

Na zauna a kan bokitin fenti har kafinta ya rufe shago. Ban daka komai ba.

Laraba, 22 ga Yuni

Na shiga ɗaukar kwalin, na sa hannu ke nan sai Baba ya ce in tsaya. Ban san rabon da ya ce mini wani abu ban da "ajiye" ba. Bai kalle ni ba, yana kan agogon abokin cinikinsa.

Ya ce, "Wannan ba na likitan da na sani ba ne."

Na ce ai wataƙila sun sayi sabon inji a asibitin.

Ya ce, "Na farkon, kowanne akwai zanen yatsa a tsakiya, da wani layi ya ratsa shi a karkace. Shekara arba'in ina kallon abin da ya fi wannan ƙanƙanta." Ya ɗan juya wani ƙaramin noti. "Ka gaya wa likitan ya cire roba daga hannunsa. Ya dai wanke da sabulu. Wannan tabon, ni na ɗaure shi da hankicina, yana ihu kamar an yanke masa kai."

Tun ranar farko ke nan ya sani. Ya sani yana fasawa, ya sani yana ci.

Na buɗe baki in ce wani abu game da barkonon. Abin da ya fito shi ne, "To, zan gaya masa." Na fito da kwalin, na shiga kicin, na buɗe famfo don kada a ji ni. Hayaƙi ne ya shiga mini ido. A kicin ɗin da babu wuta.

Alhamis, 23 ga Yuni

Na wanke hannu sau uku har gwiwa. Ban jira kafinta ba, ban sa matashi ba, na daka da ƙarfina har cokula na rawa a kwando. Na kai a faranti, ba kwali. Farantin nan dai na ranar, shi na tarar a sama, ban canza ba.

Na ce, "Baba, ga shi. Ni na yi."

Bai ce ajiye ba. Ya miƙo hannu ya ɗauki guda. Akwatin aiki yana gefensa a buɗe, wuƙar tana kai, ina kallonta. Ya jefa shi baki ɗungurungum, yadda yake yi a shago, ya ci gaba da aikinsa yana tauna. Can ya ce riɗin ya yi yawa. Sai ya ce in matso in riƙe masa fitila, idonsa ba kamar da ba. Na riƙe har hannuna ya sage, ban sauya ba.

Ba wani abu ba ne. Dabino ne mutum ya ci.

Yaya ta bar kan gas a kan firji da za ta fita da safe, wai mantuwa ta yi. Yana nan inda ta bar shi.

Saura abu ɗaya. Na koma shafin farko na karanta, na ga wani mai farar riga da kujera mai juyawa. Babu shi. Babu benci, babu manyan mutane. Wanda ya rubuta littafin nan tun daga layin farko shi ne wanda ya ɗura barkonon: ni, Auta, ɗan mai gyaran agogo, mai tabo a babban yatsa. Gobe Baba ya ce in rage riɗi, in ƙara kwakwa.