Zanen Gawayin Ƙasimu

Zuwa ga Kawu Bilyamin, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu a nan ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad da rai dai, alhamdu lillah. Dawa ta nuna a hawasha, gonarmu ta ban-ruwa, amma babu mai zuciyar leƙa ta. Iya kuwa kwana takwas ke nan ba ta ci abin kirki ba.

Kawu, masu bindiga sun tafi da ɗan'uwana Ƙasimu. Ka san tun da yaƙi ya rufe kulliyarsu ta zane a Hartum ya dawo gida, bai yarda hannunsa ya mutu ba. Da fenti ya ƙare sai ya koma ga gawayin murhu da bayan kwali. Ya taɓa ce mini malaminsu ya hana su taɓa launi sai sun iya baƙi da fari, wai wanda bai san inda inuwa ke faɗuwa ba bai ga haske ba tukuna. Shi ya sa yake zana wuri ɗaya, gadar nan ta bakin tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki, da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya. A gefen kowane zane yakan rubuta lokaci, ya ja kibiya ta nuna inda rana take.

Kibiyar nan ce ta jawo mana. Talatar makon jiya masu bindigar suka same shi a can, suka zazzage jakarsa, suka ce taswira yake yi wa abokan gabarsu. Alamin mai tarakta yana wurin. Ya ce Ƙasimu ya yi ta rantsuwa, yana nuna musu inuwar darbejiya yadda take gajarta tana tsawo, har ɗayansu ya doke shi da gindin bindiga a hannun dama.

Dattawa sun je wajensu sau biyu. Babban masu bindigar ya ce a kawo shaidar cewa Ƙasimu ɗalibi ne kafin Juma'a, in ba haka ba a wuce da shi inda ba mu sani ba. Yau Laraba. Takardunsa duk sun ƙone a Hartum, amma na tuna shekarar da kulliya ta ɗauke shi ya tura maka hoton takardar don ka sa masa albarka. Don Allah, Kawu, ka tono tsohuwar wayarka ka turo mini hoton. Abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi. Waya ba ta kamawa sai a kasuwa, daga can zan tura maka hoton wannan wasiƙa yau. Gobe tun safe ina can ina jira.

Iya ta ce in ƙone sauran zanen kada a zo bincike. Na ƙone. Na gonar Baba ne kawai na kasa, na naɗe shi cikin tabarmar sallata.

Ka gaishe da Inna Hindu, da Sara, da Jibril. Kaka Samira a gaishe ta, amma kada a gaya mata, zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Wassalam.
'Yarka,
Zamzam