Kwanon da Ya Ƙi Tsatsa

Baban Talatu,

Ina gaishe ka. Na san takardar nan ba za ta iso hannunka ba, amma na gaji da riƙe maganar a ciki.

Damina ta wuce. Ka tuna gutsattsarin kwanon rufin da ka rataya a jikin katanga, waɗanda ka shafa wa garin kwalba da yumɓun Ushafa ka gasa? Ka ce ruwan sama ne zai yi musu jarrabawa. Duk sun yi tsatsa, wasu shafen ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, sai shuɗin nan na ƙarshe. Yana nan sumul, yana sheƙi kamar sabuwar langa. Abin da ka yi shekaru kana nema ke nan, shafe mai araha da zai hana rufin talaka ruɓewa, kuma ba ka tsaya ka gani ba.

Wani oga mai kamfanin kwano ya zo daga Gwagwalada, ya kankare shi da makulli, ko alama bai bari ba. Ya tambaye ni haɗin. Me zan ce masa? Ni na haƙo maka yumɓu, ni na tankaɗe toka, amma ban san awon da ka yi ba. Na gwada a wutar tukwanena, ya fito baƙi, duk ya tsattsage.

Da rana tsaka, ina ginin tukunya, sai in ji ƙarar turmi a bayan gida, sannan tarin nan naka. Talatu ma tana ji. Likita ya ce ƙurar kwalbar ce ta cinye maka huhu. Dama ka sani? Shi ya sa kake korar mu in za ka yi daka?

Ban taɓa gaya maka ba, ranar da ka fara zaro ƙarfe mai sheƙi daga wuta, sai da na koma ɗaki na yi kuka don murna.

Ogan yana so a kai kwanon a bincika, kuma sai an fasa shi. Bai lura da kusurwarsa ba. Shatin babban yatsanka yana wurin, inda ka riƙe shi kafin ya shiga wuta, ya gasu a ciki. Kullum sai na ɗora nawa a kai. Gobe zai dawo, zan ba shi. Amma sai na ɗauko almakashinka na ƙarfe na yanke kusurwar tukuna.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Maman Talatu