Gwangwanin Baba ba ya fita sai an rushe katanga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don girman Allah ki ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku ce na cika taurin kai, wannan an riga an faɗa mini a gida safe da yamma.

Ni budurwa ce, ina koyarwa a wata firamare a garinmu cikin ƙasar Anka. An sa ranar aurena bayan babbar Sallah da wani malami ɗan Gummi, ni na zaɓe shi, shi ya zaɓe ni, babu wata matsala ta nan. Matsalata wani tsohon ɗaki ne na alminiyom mai taya biyu da ke tsakar gidanmu, irin wanda ake ɗaura wa mota a ja, mai zagayayyen baya kamar ƙwai, da tagogi huɗu da ɗan gado da ɗan teburi a ciki. A gida Gwangwani muke ce masa. Kakana ya yi gadi wajen wasu Turawa masu haƙa rijiyar burtsatse, da za su tafi suka bar masa shi, aka jawo shi da shanu har gida. Lokacin gidan dangar kara ce kawai. Daga baya aka tashi katangar ƙasa aka kewaye gidan, aka yi zaure mai ƙofar da jaki da kaya ke wucewa da ƙyar, babu wanda ya tuna cewa abin da ke tsakar gida taya gare shi. Tun daga ranar yake ciki.

Babana, Allah ya jiƙansa, mai gyaran jikin mota ne, kullum yana cewa zai gyara Gwangwani, kullum aikin mutane na hana shi. Ina 'yar firamare aka yi shekarar gubar dalma, wadda duk ɗan yankinmu ya san abin da ta yi wa yara. A gidajen maƙwabtanmu ana niƙa dutsen zinari, likitoci suka ce ƙasar tsakar gida kanta ta zama guba. Baba ya kori kajin da ke ciki, ya wanke Gwangwani da omo har sau uku, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗauke ni ya sa a ciki don shi ba ya taɓa ƙasa. Nan nake ci, nan nake wasa, nan na koyi karatu da kyau don babu abin yi sai shi. Idan ana ruwa rufin yana ƙara kamar ana zuba gero a faranti, Baba ya shigo da shayinsa ya zauna yana ba ni labarin garuruwan da za mu je idan ya gyara shi. Ƙawayena biyu da muke wasan 'yar tsana ba su kai ƙarshen shekarar ba. Allah ne ya raya ni, na sani, amma a nan aka ajiye ni.

Da Baba ya rasu aka zo rabon gado, masu rabon ko kallon Gwangwani ba su yi ba, kaji sun koma, gara ta cinye daɓen katakon. Ni na buɗe baki na ce ina so. Baffa, ƙanin Baba, wanda gidansa ke jikin namu katanga ɗaya, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, “Ɗauki, ɗiyata, har da kajin.” Yayyena maza biyu suka ce sun bar mini nasu kason a gaban kowa. Ku riƙe wannan, don yanzu wasu sun fara mantawa.

Shekara ɗaya da rabi ina aikinsa, bayan na taso daga makaranta da ranakun hutu. Farkon abin da na yi kuskure ne, na ɗauko toka da yashi da soson ƙarfe na dirje gefe guda kamar yadda muke wanke tukunya, ya yi fari, amma da rana ta haska sai ga zane ko'ina kamar kyanwa ta yaƙushe shi. Na zauna na yi kuka. Daga nan na koma kallon bidiyo a waya, datata duk a nan take ƙarewa, na koyi bi da samfefa mai laushi da ruwa, daga mai kaushi kaɗan zuwa wadda ta fi takarda santsi, sannan man gogewa da tsofaffin zannuwan Inna, mahaifiyata. Kafinta ya sa mini sabon daɓe. Ƙusoshin ribit masu riƙe fallayen jikinsa da suka zube, malamina da zan aura ya samo mini wajen wani ɗan kabilar Ibo mai sayar da kayan mota a Gummi, ya kawo mini a leda ranar da ya zo zance, har ƙawayena ke mini tsiya wai wasu ana kawo musu turare ni ana kawo mini ƙusa. Da abin matse ribit na Baba na sa su ɗaya bayan ɗaya. Da damina ta zo sai in shiga ciki da alli in zauna, duk inda ya ɗiga in yi alama, ruwa na ɗaukewa in hau in toshe da gam. Mai faci ya samo mini tayoyi. Gwaggo, 'yar'uwar Baba, ta kama hannuna wata rana ta juya shi, ta ce wannan tafin ko lalle ya gani sai ya gudu. Amma akwai wani yammaci da na gama goge bayan, na ja da baya, sai na ga bishiyar dalbejiyarmu gaba ɗaya a jikinsa, da gajimare, da Inna tana wucewa da ƙwarya a kanta. Ban san yadda zan faɗa muku abin da na ji ba.

To da ya fara ƙyalli sai ya zama abin magana. Ni dai tun farko a raina Gwangwani ne kayan ɗakina, da shi za a kai ni. Da na faɗa sai aka ɗauka wasa nake. Sati biyu da suka wuce na dawo daga makaranta na tarar da Baffa da wani maƙerin tukwane, irin masu narka alminiyom su zuba tukunya, suna zagaya shi. Mutumin yana ƙwanƙwasawa da yatsa yana kasa kunne, ya ce wa Baffa, “Wanga na asali na, Alhaji, ba irin gwangwanin lemo da yara ka kawo muna ba.” Ya ce za a samu tukwane tun daga ta shayi har wadda ake dafa abincin suna, a yi mini jere, ragowar a haɗa a yi gado da kujeru. Ya ce da kurfi da guduma zai yanka shi falle-falle ya fitar ta zaure cikin wuni ɗaya. Har yaba mini ya yi, wai na rage masa aikin wanki.

Ban ɗaga murya ba, ban iya ba ma. Na durƙusa na gaida su, na ce Baffa a yi haƙuri, wannan ba na narkawa ba ne. Ya ce to ta ina zai fita, fiffike zan sa masa? Na ce ta katangar baya, a rushe daidai faɗinsa da safe, a ja shi waje, magini ya mayar kafin magariba. Ya ce, “Katangar da ubana ya gina da hannunai za ki kayar don keji?” Na ce ai Gwangwanin ma ubanku ne ya kawo shi, kuma ya riga katangar zuwa. Wannan maganar ita ce laifina, har yau ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

Zan yi masa adalci, maganganunsa ba duka ne na banza ba. Katangar bayan ta bi ta gidanmu da nasa, rabi tasa ce. Ya ce a zamanin nan da muke ciki babu mai hankalin da zai buɗe bayan gidansa ko na wuni ɗaya, kuma sabon gini ɗanye ba ya tare komai sai ya bushe. Ya ce abu mai walƙiya haka a hanyar Anka zuwa Gummi kiran ido ne, mu da ke fatan mu wuce ba a lura da mu ba. Ya ce dangin miji za su zo ganin ɗaki su tarar da amarya ba tukwanen kirki, a ce gidan su wane sun kai ɗiya da mota marar inji. Sannan ya faɗi wadda ta fi yi mini nauyi, ya ce shi ne waliyyina kuma zai ɗaura auren don bai iya tozarta ɗan uwansa a kabari, amma in aka taɓa katangar, daga ranar kowa ya riƙe gidansa. Yayyena duk suna nesa wajen neman abinci. Baffa ne ke duba gonar Inna, shi ne namijin da ake kira in wani abu ya taso. Ni zan tafi Gummi, Inna ce za ta zauna da shi.

Malamina ya ce shi yana so, har ya share wuri gefen ɗakinsa, kuma abokinsa mai a-kori-kura ya yarda ya ja mana da rana tsaka a bi ayarin motocin kasuwa. Amma ya ce ba zai shiga tsakanina da Baffa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Mahaifiyar malamin nawa da ta ji labari tambaya ɗaya ta yi, wai dai akwai katifa a ciki ko. Gwaggo kuwa cewa take boko ne ya hau mini kai, mace da tukunya aka san ta. Na ce Gwaggo tukunya ana sayenta a kowace kasuwa, a kai ni da guda biyu in ƙara a hankali da albashina. Ta ce, “Ji ta, sai ka ce ita ta fara aure.”

Inna kuwa duk kwanakin nan in an yi maganar sai ta tashi ta duba wuta. Na ɗauka tana bayan Baffa. Shekaranjiya aka tashe mu daga makaranta da wuri, na shigo ba ta ji ni ba, na hango ta a bayan Gwangwani da igiyar guga. Ta auna faɗinsa daga taya zuwa taya, ta ƙara taƙi ɗaya, ta ƙulla, sannan ta je ta ɗora igiyar a jikin katangar baya, ta nan ɓangarenmu inda damina ta riga ta zaizaye. Da ta juyo ta gan ni sai ta ce wai kaza take nema, ta canza wurin ƙwai. Na ce to, Inna. Ta wuce ni har ta kai ƙofar madafa, ba ta waiwayo ba ta ce, “Katanga ƙasa ta, ko ba a taɓa ta ba ruwa na kada ta. Amma ba ki ji daga bakina ba.”

Maƙerin zai dawo ranar kasuwa mai zuwa da kayan aikinsa, Baffa ya riga ya ba shi rana. Makullin Gwangwani yana wuyana. Abu ɗaya na yanke kuma ba shi nake neman shawara a kai ba: ba za a dafa tuwo a cikin ɗakin da Baba ya ɓoye ni ba. In ta kama in shiga in zauna a ciki ranar, zan zauna, sai dai su yanka da ni. Kada wani ya ce mini ƙarfe ne kawai, na fi kowa sanin ƙarfe ne, ni na goge shi.

Abin da nake tambaya shi ne, in kira magini a rushe katangar kafin ranar kasuwa, in tafi da abina in bar Inna da fushin Baffa? Ko in bar shi a tsakar gida a kulle in tafi Gummi, alhali na san ina juya baya kurfi zai hau shi? Wa ya kamata in tura wa Baffa da zai ji maganarsa, limami ko abokan Baba? Masu ilimin addini, tunda an bar mini shi a gaban shaidu, yana da ikon sayar da shi don zai yi mini kayan ɗaki? Iyaye mata da ke nan, ku nake so ku fi ba ni amsa, in uwa ta yi irin wannan maganar, izini ta ba ni ko haƙuri take ba kanta?

Igiyar na ɗauko ta, tana rataye a ƙofar Gwangwani da ƙullinta, ban kwance ba. Yau da safe na ga Inna ta sa wa guga sabuwar igiya, ba ta tambaye ni tsohuwar ba.