Akwatin Abdulrashid Ba Fawa-banki Ba Ne

Daga: Namadi Muhtari Banga,
Rumfa mai lamba 7, Layin Masu Gyara,
Kaura Namoda.

Litinin, 26 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga: Mai girma Alhaji Muttaka Ɗan Isa,
Shugaban Kwamitin Tsafta da Ladabtarwa,
Ƙungiyar Haɗin Kan Masu Gyaran Kayan Lantarki,
Kaura Namoda.

Ranka shi daɗe,

Game da: Umarnin tashina daga rumfa mai lamba 7, da kuskuren da aka yi a binciken sigarin lantarki na ranar 14 ga Mayu, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabin da ya dace da matsayinka, ina neman izinin gabatar da kukana. Shekara goma sha tara ke nan ina gyaran rediyo da tocila da waya a wannan rumfa. Ranar Talata, 20 ga Mayu, aka miƙo mini takarda cewa in kwashe kayana kafin Litinin, 2 ga Yuni, domin za a haɗe rumfar da ta maƙwabcina Abdulrashid mai lamba 8. Ga abin da nake roƙon a duba:

1. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, kwamiti ya zaga layinmu bisa shawarar ƙungiya ta hana sayar da sigarin lantarki, wanda samari ke kira shishar aljihu. Ni ma na ɗaga hannu ranar da aka yanke shawarar. Sakataren kwamiti, Malam Mus'ab, ya zaro kwali daga ƙarƙashin teburina, ya ƙirga guda arba'in da ɗaya, ya rubuta cewa ni dillali ne. Bai tambaye ni ba, bai kuma zuƙi ko ɗaya ya ji ba, Allah ma ya kiyashe shi.

2. Dukkansu matattu ne, an sha an yar. Tsinto su nake yi a bakin tasha da bayan makaranta, in fasa, in cire ɗan batirin ciki, in dasa shi a tocilar da batirinta ya mutu. Manoman Banga da Ɗan Isa da ke zuwa kasuwar hatsi shaida ne. Da yawansu da irin wannan tocila za su shiga damina.

3. Ina roƙon a yi haƙuri da ni in bayyana abin da kwamiti bai bambance ba. Sigarin lantarki iri biyu ne. Na kamfani, irin wanda aka samu wajena, siriri ne kamar biro ko ɗan kwalin ashana. A rufe yake zuwa da ruwansa, batirinsa ƙarami, ƙarfinsa ɗaya ba ya ƙaruwa, kuma akasari akwai ɗan fanel, wato allon lantarki, a ciki da ke yanke wuta idan zuƙa ta yi tsawo. Na biyun shi ne wanda aka sauya wa halitta. Akwati ne mai cika hannu, da manyan batira da ake cirewa a mayar, da tanki da ake ɗaurawa a kai a zuba ruwa da hannu, da kwayil, wato siririyar wayar da ke ɗaukar zafi, da mutum ke naɗawa da kansa ya cusa auduga. Ana ƙara masa wuta don ya yi zafi ya ba da tururi kamar an buɗe tukunyar dambu. Ban ce na farkon lafiya ba ne. Duka biyun ruwansu yakan zo da sinadarin taba mai kama mutum. Amma na biyun, idan haɗin gida ne babu fanel ɗin kariya, ba huhu kaɗai yake nema ba, har da cinyar mai shi.

4. Irin na biyun ne Abdulrashid ke haɗawa. Katako ne tsakanina da shi, ina jin komai. Da batiran tsofaffin kwamfutoci yake yi, wasu ledar jikinsu ta yage, ya naɗe da salatif. Da ya hango kwamiti ya shigo layi, sai ya kwance tankunan ya zuba a aljihu, ya bar akwatunan shida jere cikin gilashi. Kwamiti ya gan su da ramin caji a gefe, ya ɗauka fawa-banki ne na cajin waya, ƙirar gida. Aka yi ta tafi.

5. Ranar Asabar, 17 ga Mayu, aka ba shi takardar yabo ta haziƙin maƙeri. An ɗauke shi hoto da kai, Ranka shi daɗe, yana dariya har kunne, an liƙa hoton a ƙofar ofishin ƙungiya inda dole in wuce sau biyu kullum. Tun ranar ake ce masa Injiniya. Ni kuwa shekara goma sha tara ban wuce Namadi Mai Tocila ba, yanzu har an fara ƙara mini da Mai Shisha. Mai ɗakina Tabawa ta ga hoton a wayar maƙwabciya, ta tambaye ni ko ni ma ina iya haɗa irin wannan fawa-banki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

6. Na san za a ce hassada ce, an ma faɗa mini a ido cewa hassada ga mai rabo taki ce. Ba zan yi rantsuwa a kan ƙarya ba: abin ya tsaya mini a maƙogwaro. Wurin marigayi Malam Audu Mai Rediyo muka koyi aiki, na riga shi da shekara takwas. Ni na nuna masa yadda ake riƙe ƙarfen liƙi ba tare da ƙona yatsa ba. Ni na roƙa aka ba shi lamba 8 don ya kasance kusa da ni. Da ya sa sola ban yi magana ba, da ya sa gilashi ya ja mini masu gyaran waya ban yi magana ba. Hannunsa yana da kyau, wannan ban musa ba, shi ne ma abin da ya fi ƙona mini rai. Amma a ba shi rumfata lada kan laifin da shi ya aikata, wannan ba zan iya haɗiyewa ba.

7. Na bar wannan a ƙarshe don na san idan na sa shi a farko, ba za a karanta sauran ba. Ranar binciken, Ranka shi daɗe ka ɗauki ɗaya daga akwatunan nan, baƙi mai maɓallin tagulla, ka yaba, ka ce za ka riƙa nuna wa baƙi abin da 'ya'yan Kaura ke ƙerawa. Abdulrashid ba shi da bakin hana ka, don hanawar tona kansa ne. Idan wayarka ba ta taɓa cika da shi ba, ba laifin wayar ba ne: ramin nan na shan caji ne, ba na bayarwa ba. Ramin da ke samansa kuma mazaunin tanki ne, wuta na zuwa nan tsirara da zarar an danne maɓalli. Ranar Juma'a, 23 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci, na ga ka zaro shi tare da makullan motarka daga aljihu ɗaya. Idan ka zauna maɓallin ya dannu, makulli ya shiga ramin, batirin na iya yin bindiga. Kwana uku na yi shiru, zuciya na raya mini in bari gaskiya ta fito da kanta. Na nemi gafarar Allah kan kwanakin nan, ina neman taka.

Saboda haka ina roƙon kwamiti cikin ladabi ya dakatar da umarnin 2 ga Yuni, ya maido mini kwalina don akwai tocila tara da ke jira, ya kuma kira mu ni da Abdulrashid a buɗe akwati ɗaya da sukundireba a gaban kowa. Takardar yabo kuwa na bar wa kwamiti, sai dai hoton nan ina roƙon a mayar da shi cikin ofis.

Kafin duk wannan, Ranka shi daɗe, don Allah ka sa hannu a aljihu a hankali, ka fitar da shi, ka aje a ƙasan siminti nesa da ƙarfe, ka aiko in zo in cire batiran. Ina nan lamba 7, zuwa Litinin mai zuwa dai.

Allah shi ƙara girma, shi ja zamaninka.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Namadi Muhtari Banga