Gindin Jar Bishiyar Misis Hale

Lahadi da dare, Afrilu 1976, Landan

Bayana ciwo yake, amma sai na rubuta. Yau Misis Hale, tsohuwar da muke haya a gidanta, ta kira ni lambun gidan in zaɓi abin da za mu shuka a gindin jar bishiyar maple ta Japan da marigayi mijinta ya dasa. Tun zuwanmu nake son bishiyar nan. Ganyenta mai yatsu sak na ramar da Inna ke shukawa a bayan ɗakinta a Funtuwa, wadda muke tsinka mu kwaɗa da ƙuli-ƙuli.

Na ɗauko irin ramar da Inna ta ƙulle min a bakin zane ranar tasowarmu. Tsohuwar ta jujjuya shi a tafinta, ta ce, "Binta, wannan rana yake so. A inuwar nan mutuwa zai yi." Gaskiyarta ne, amma sai da idona ya ciko. Muka tsaya kan fern da hosta, wasu tsirrai masu son inuwa da laima. Muka dasa tare, tana ta ba ni labarin mijinta.

Da yamma maigidana, Baban Amina, ya shigo da wasiƙa. Kuɗin fetur ya gina sabon asibiti a Kaduna, ana nemansa ya je ya kama aiki kafin damina ta ƙare. Ya dubi ƙasar da ke farcena, ya ce, "To ke, wa zai ga girmansu?"

Na ce, "Ita."

Shekara huɗu ina roƙon Allah ya mai da ni gida, yau kuma na kasa murna sosai. Ban gaya wa tsohuwar ba tukuna. Sai gobe, in mun gama ban ruwa.