Layin da Ba a Ƙirga Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, kar ki yi dariya, ƙanwarki ta fito takara. Kujerar shugabar mata ta jam'iyyarmu a nan mazaɓa nake nema. Na san abin da za ki ce, wai ina tela ina siyasa. To ai shekara da shekaru ni ke aikin, sunan ne kawai babu. Duk taron da za a yi, bencinan shagona ake kwasa. Ni ke bi gida-gida in tattaro mata, mai goyo in karɓar mata yaro, tsohuwa in riƙe mata hannu har rumfar zaɓe. Da wadda ke kan kujerar ta ajiye, matan unguwa suka same ni ina kan keken ɗinki, suka ce in ban fito ba sun daina kawo mini ɗinki.

Abokiyar karawata matar ɗan kwangila ce, mai ƙaton gidan nan na bakin titi. Ranar da ta fara zuwa ofishin jam'iyya, shagon mai gyaran waya ta faɗa, sai da aka nuna mata ƙofa. Ita a mota take yawo, ni a ƙafa, takalmina har ya buɗe baki. Amma duk gidan da na yi sallama, ba a tambayar wace ce.

Abu ɗaya ke damuna. Zaɓen namu ba na akwati ba ne, layi ake yi: 'yar takara ta tsaya a gaba, masu sonta su jeru a bayanta, a ƙirga kawuna kowa na gani. Kin kuwa san 'yata Auta a kantin maganin ɗan kwangilar take aiki. Tun rasuwar babansu aikin nan ne rufin asirinmu, kuma da shi take burin komawa karatun jinya. Na ce mata ranar ta yi zamanta a kanti, ko ma ta shiga layinsu, ni na yafe. Ta yi mini irin kallon nan na babanta.

Ki sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Tela

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin? Ya yara?

An yi zaɓe, ko in ce an tara mu a rana. A filin makarantar firamare aka yi. Aka tsayar da ni ina fuskantar bangon aji, aka ce kar in waiwaya sai an gama ƙirga. Ina jin takun mata da surutunsu suna ta ƙaruwa a bayana. Can sai na ji hannu yana gyara mini mayafi a kafaɗa. Yaya, ko a mafarki na san hannun nan. Auta ce, da farar rigar kanti a jikinta, ta zo ta tsaya ta farko. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, na rasa na daɗi ne ko na tsoro.

Na saci kallo. Layina ya wuce famfo, ya lanƙwasa har bakin ƙofa. Nata kuwa, da 'yan aikin gidanta da komai, bai kai inuwar bishiya ba. Mutanen mijinta suna bin layina da waya suna ɗaukar fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

Sai manya suka shige aji suka rufe ƙofa. Da suka fito, sakatare ya ɗauki lasifika ya ce ai duk gida ɗaya ne, ƙirga na kawo rabuwar kai, don haka an yi maslaha, kujera ta matar ɗan kwangila ce. Maslaha! Da wa aka yi ta? Ni ina nan ina kallon bango kamar mai laifi.

Ba kujerar ce ke ci mini rai ba. Da sun faɗa tun da safe, da ba wadda ta fito ta nuna fuskarta. Washegari aka ce wa mai wankin gidan ɗan kwangilar ta huta, don layina ta shiga. Mai kayan miya da ke kasa tire a jikin katangarsu aka tashe ta. Auta kuwa tana isa kanti aka ce ta tuɓe rigar ta ajiye a kan teburin kantin. Ta dawo tana ba ni haƙuri, wai ko gobe aka sake layi nan za ta tsaya. Ni na jawo mata, Yaya.

Taki,
Tela

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Auta ce za ta miƙa miki wannan takarda, don ta ce wurinki za ta zauna.

Ga yadda aka yi. Sakatare ya zo shago, ya zauna a kan bencina, ya ce abin ai mai sauƙi ne. In na halarci taron murna na ɗaga hannun sabuwar shugaba, za a manta da komai, yarinya ta koma aikinta. Na tambaye shi mai wanki da mai kayan miya fa, ya ce a bi abu a hankali. Na dubi Auta zaune a tsakar gida da littattafan jinyarta, na yafa mayafi na tafi ban gaya mata ba.

Har bencinan taron nawa ne. Na ɗaga mata hannu, aka yi tafi, na yi murmushi har kumatuna suka yi tsami. Da aka zo hoto, mai hoto ya ce na fi ta tsayi, in koma ta baya. Na koma. Matan da suka sha rana saboda ni suna bakin ƙofa suna kallo, ba wadda ta gaishe ni da na fito.

Kafin in iso gida hoton ya riga ni, yana wayar kowa. Direban ɗan kwangilar ma ya kawo farar rigar a leda, a goge. Auta ta karɓa ta mayar masa, ta ce ya gaida mai kanti. Sannan ta juyo, ba faɗa ba tsawa, ta ce ita ta bar aikinta ta tsaya a bayana, ashe ni bayan wata zan je in tsaya. Na ce don ke na yi. Ta ce ta sani, abin da ya fi mata ciwo ke nan.

Ki riƙe mini ita, Yaya. Ba ta cin abinci in ranta ya ɓaci, sai an matsa mata. Kar ki yi mata faɗa a kaina, gaskiyarta ce. Yau da safe da za mu fita tasha mayafina ya zame, na tsaya ina jira, ta ɗauki jakarta ta wuce gaba.

Ƙanwarki,
Tela